Digirin Hausa da Ɗalibin da Bai Tashi da Hausa ba: Tsokaci a kan Manhajar Jami'o'in Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Tun daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa yau, da wuya a ƙirga shekara biyar a jere ba tare da an sami wani sabon umarni ko wani matsi daga waje da ya tilasta wa jami'o'in Nijeriya sake fasalin abin da suke koyarwa ba. Wani lokaci matsin daga gwamnati yake fitowa, wani lokaci daga masu ba da rance na ƙasashen waje, wani lokaci kuma daga ɗaliban kansu, waɗanda kan yi tururuwa zuwa wani fanni su ƙaurace wa wani. Sassan koyar da harsunan Nijeriya suna cikin waɗanda wannan yanayi ya fi girgizawa. Manufar wannan maƙala ita ce ta yi tsokaci a kan yadda manhajar digirin Hausa ta amsa waɗannan matse-matse. Abin da maƙalar za ta nuna shi ne, an sauya sunayen sassa, an ƙara kwasa-kwasai, an rage wasu, amma tubalin da aka gina manhajar a kansa bai motsa ba, wato ɗauka cewa duk wanda zai karanta Hausa a jami'a ya riga ya iya ta tun daga gida. A dalilin haka ne sassan suka kasa cin moriyar babbar buƙatar da ta taɓa zuwa ƙofarsu.

2.0 Tubalin da Aka Gina Manhajar a Kansa

Ya kamata a fara da yaba wa magabata, domin aikin da suka yi ba ƙarami ba ne. Lokacin da aka fara koyar da Hausa a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tambayar da ke bakin mutane ita ce ko harshen gida zai iya ɗaukar nauyin ilimin jami'a. Masana irin su M.K.M. Galadanci da Ɗalhatu Muhammad da Ɗandatti Abdulƙadir da Ibrahim Yaro Yahaya da Abdulƙadir Ɗangambo sun amsa wannan tambaya da aiki. An ƙirƙiro kalmomin fannu, aka tattara su a ƙamus ɗin keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya shirya, wanda ya fito a 1990. An kai matsayin da ake karantar da tsarin sauti da ginin jumla da nazarin waƙa da Hausa, ɗalibi kuma ya rubuta kundin digirinsa na farko har zuwa na uku da Hausa. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta yi ta fitar da mujallar Harsunan Nijeriya, daga baya kuma ta samar da Ƙamusun Hausa a 2006, wanda ke bayanin Hausa da Hausa. Harsunan Afirka da suka kai wannan mataki ba su da yawa.

Sai dai wannan nasara ta zo da wani sharaɗi da ba a rubuta ba. Manhajar da aka kasa gida uku, harshe da adabi da al'ada, an tsara ta ne domin Bahaushe ya nazarci abin da ya gada. Darasin ranar farko da Hausa ake yin sa. Ƙa'idar shiga kuwa, a galibin sassan, tana neman kiredit a Hausa a jarrabawar kammala sakandare, sannan a zauna Hausa a jarrabawar hukumar JAMB, wadda ke da littattafan adabi da aka wajabta karantawa. Wanda bai yi Hausa a sakandare ba, ƙofa a rufe take gare shi tun kafin ya ƙwanƙwasa. A shekarun 1970 wannan tsari ya dace da buƙatar wurin, domin makarantun jihohin Arewa suna neman malaman Hausa, gidajen rediyo da ma'aikatun yaɗa labarai suna neman masu fassara. Matsalar ta bayyana ne lokacin da buƙatar ta faɗaɗa ta wuce ƙasar Hausa.

3.0 Buƙatar da Manufar Ilimi ta Haifar

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda aka yi wa gyara a 1981, ta tanadi cewa kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsuna uku, Hausa ko Ibo ko Yarabanci, ban da harshensa na gida. Tsarin mulkin 1979 ma ya ambaci waɗannan harsuna uku a matsayin waɗanda za a iya gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da su idan an yi tanadin da ya dace. Da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, sai harshe na biyu ya shiga jerin darussan ƙaramar sakandare, amma aka rataya shi a kan samuwar malamai. Wannan ratayar ita ce ta zama mafakar duk jihar da ba ta son aiwatarwa.

Idan aka dubi lamarin ta fuskar jami'a, ba a taɓa yi wa sassan harsunan Nijeriya tayin kasuwa irin wannan ba. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa domin duba samar da malaman manyan harsunan uku ya ba da rahoto a 1988 cewa ana buƙatar malamai sama da 55,000, alhali waɗanda ke akwai ba su kai 7,000 ba, na Hausa a cikinsu kuma ba su kai 2,000 ba. Kowace ƙaramar sakandare daga Badagiri zuwa Kalaba tana iya neman malamin Hausa. To amma wane irin malami? Wanda zai tsaya gaban yara arba'in ko hamsin da ba su taɓa jin an ce “sannu” ba, ya fara da su daga farko. Digirin Hausa bai tanadi wannan malami ba. Matashin da ya kammala digiri a Kano ko Zariya ko Sakkwato, aka tura shi bautar ƙasa a Kudu, yana iya feɗe waƙar Aƙilu Aliyu ko ta Narambaɗa ɗaya bayan ɗaya, yana iya zana bishiyar li'irabi, amma ba a taɓa nuna masa yadda ake koya wa baƙon harshe bambancin /k/ da /ƙ/, ko na /d/ da /ɗ/ ba, domin shi kansa bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin matsala ba.

Kwalejojin ilimi sun fi jami'o'i ƙoƙari a nan. A ƙarƙashin hukumar kula da kwalejojin ilimi da aka kafa a 1989, an raba karatun harsunan gida kashi biyu, na ɗan harshe da na mai koyon harshe na biyu, har aka wajabta wa kashi na biyun zuwa zama na ɗan lokaci a cikin masu harshen domin kunne ya saba. Wasu kwalejojin tarayya da ke Kudu sun yaye ɗalibai Yarabawa da Ibo da takardar shaidar malanta a Hausa. Sai dai idan irin wannan ɗalibi ya nemi ci gaba zuwa digiri, sai ya tarar an zaunar da shi aji ɗaya da wanda aka haifa a Katsina, ana auna su da mudu ɗaya. Cibiyar Harsunan Nijeriya ta Ƙasa da aka kafa a Aba a 1993, wadda aka so ta cike wannan giɓi, ita ma ba ta sami zama lafiya ba: an miƙa ta ga Jami'ar Nijeriya ta Nsukka a 2007, aka sake ba ta cin gashin kanta a 2013.

4.0 Matsin Tattalin Arziki da Amsar da Aka Ba Shi

Ba za a yi wa sassan adalci ba idan aka manta da halin da suka sami kansu a ciki. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, littattafan waje suka gagari ɗakunan karatu, malamai da dama suka bar aiki. Rancen dala miliyan 120 da Bankin Duniya ya amince da shi domin jami'o'in tarayya a 1990 ya zo da sharuɗɗan rage ma'aikata da soke ko haɗe kwasa-kwasan da ba su da ɗalibai da yawa. Ga kuma ƙa'idar bai wa fannonin kimiyya kashi 60 cikin 100 na gurabe. A daidai wannan lokaci ne Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, da ikon da dokar 1985 ta ba ta, ta fitar da mafi ƙarancin ma'aunin karatu a 1989, ta kuma fara zagayen tantance kwasa-kwasai. Sashen da ke fafutukar kada a rufe shi ba ya samun sukunin ƙirƙiro sabon abu. Abin da ke gabansa shi ne ya nuna wa masu tantancewa cewa yana da malamai kaza da ɗalibai kaza, kuma kwasa-kwasansa sun yi daidai da jerin da aka aiko daga sama.

Daga nan ne aka sami salon amsa iri biyu. Na farko shi ne sauya suna. Sashen Ilimin Harsuna da Harsunan Nijeriya na Ibadan ya koma na Ilimin Harsuna da Harsunan Afirka. Na Zariya ya tashi daga Harsunan Nijeriya da na Afirka ya koma Harsuna da Al'adun Afirka. A Legas an haɗa ilimin harsuna da nazarin Afirka da na Asiya a sashe guda. Salo na biyu shi ne cike aji da waɗanda suka nemi shari'a ko aikin jarida ko kimiyyar siyasa suka rasa gurbi. Wannan yakan gamsar da mai ƙidayar kawuna, amma yana haifar da aji wanda rabinsa ke jiran damar sauya sheƙa a ƙarshen shekarar farko. Wasu daga cikin irin waɗannan ɗalibai sun zauna sun zama fitattun manazarta, wannan gaskiya ne, sai dai ba a gina tsari a kan dace.

Kwatanci da harsunan waje yana da amfani a nan. Matsin kuɗin waje da ya hana tura ɗaliban Faransanci da Larabci ƙasashen waje shi ne ya haifar da Ƙauyen Faransanci na Badagiri a 1991 da Ƙauyen Larabci na Ngala a 1992, inda ɗalibi ke shafe shekarar karatu yana jin harshen safe da yamma. Jamusanci da Rashanci kuwa, a jami'o'i irin su Ibadan da Nsukka, daga baƙi da wasali ake fara koyar da su, babu wanda ya ce sai ɗalibi ya zo da su daga gida. Da cibiyoyin Confucius suka iso Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka a 2008 da Jami'ar Legas a 2009, sun zo da malamai da littattafai masu hawa-hawa da jarrabawar ƙwarewa da aka sani a duniya. Sakamakon haka, matashi a Awka ya fi samun shimfiɗaɗɗiyar hanyar koyon Sinanci daga farko zuwa takardar shaida fiye da ta koyon Hausa, alhali motocin Kano da Maiduguri suna sauke kaya a kasuwar Anacha kullum.

5.0 Abin da Mai Koyo Yake Buƙata

Wani zai iya cewa koyar da gaisuwa da ƙidaya ba aikin jami'a ba ne. Wannan magana tana raina aikin. Koyar da Hausa ga wanda ba ɗan harshe ba yana buƙatar ilimin harshe mai zurfi fiye da wanda ake buƙata wajen koyar da ɗan harshe, domin daidaitaccen rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Bahaushe ya ga “gari” a rubuce, jumla ce ke gaya masa ko na zama ne ko na tuwo. Ya ga “wuya” ya san ko gaɓar jiki ce ko wahala, ya ga “kuka” ya san ko hawaye ne ko bishiya ko kuwa wakilin suna. Mai koyo ba shi da wannan gata. Dole malaminsa ya san yadda zai sa wa kalma alamar kari da ta tsawo, ya kuma san lokacin da zai janye alamomin. Haka batun jinsi yake, wanda shi ne farkon abin da ke zubewa a Hausar waɗanda suka tsince ta a kasuwa, inda za a ji an ce “yarinya ya zo”. Haka kuma tsarin giredin aikatau da F.W. Parsons ya fayyace a 1960: ga ɗan harshe darasi ne na haddacewa domin jarrabawa, ga mai koyo kuwa shi ne mabuɗin da ke nuna masa alaƙar “saya” da “sayo” da “saye” da “sayar”.

Abin lura shi ne, fitattun littattafan da suka yi wannan aiki daga waje suka fito. Teach Yourself Hausa na Kraft da Kirk-Greene (1973) da Spoken Hausa na Cowan da Schuh (1976) an rubuta su ne domin mai jin Ingilishi a Ingila ko Amurka. Hausar Baka, darussan bidiyo da Russell Schuh da Abdullahi Bature suka shirya, a Kano aka ɗauke su, amma domin ajin jami'ar Amurka. Babu laifi a cikin wannan. Laifin shi ne rashin makamantansu da aka tsara domin mai jin Yarabanci ko Ibo ko Tibi ko Efik, wanda matsalolinsa daban suke da na Bature. Bayarabe ya saba da karin sauti, don haka ba ya buƙatar dogon bayani a kansa, amma baƙaƙe masu ƙugiya da jinsi za su wahalar da shi. Nazarin kwatanci irin wannan yana nan jibge a kundayen digiri na biyu, bai taɓa sauka daga kanta ya zama littafin aji ba. Hasali ma, Turawan mulki sun fi mu tsari a wannan fage, domin jami'insu a Arewa sai ya ci jarrabawar Hausa mai matakai kafin ya sami wasu ƙarin girma. Yau babu wata jarrabawar ƙwarewa a Hausa da dukkan jami'o'in ƙasar nan suka amince da ita. Da rundunar sojan ƙasa ta umarci dakarunta a 2017 da su koyi manyan harsunan uku, babu wani ma'auni na bai-ɗaya da jami'o'i za su miƙa mata.

Akwai kuma wani rukuni na ɗalibai da manhajar ba ta gani. Yaron da aka haifa a Sabo ta Ibadan, unguwar da ta kafu tun 1916, ko a Agege ko Shagamu, yana jin Hausa a gida amma makarantarsa ba ta koyar da ita, don haka ba shi da kiredit ɗin shiga. Haka miliyoyin mutanen Filato da Kudancin Kaduna da Bauci da Adamawa da Taraba, waɗanda Hausa ce harshen kasuwarsu da na majami'arsu, amma ba su tashi da adabin da ake tambaya a jarrabawa ba. Waɗannan ba 'yan koyo ba ne, ba kuma su ne ɗalibin da magabata suka hanga ba. Shekara guda ta share fage za ta ishi mafi yawansu.

6.0 Kasuwa ta Riga Sashe

Ko a cikin ƙasar Hausa, saurin da sassan suka yi wajen karɓar sabon abu bai taka kara ya karya ba. Littattafan soyayya na Kano, irin su Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990) da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991), sun sami ɗimbin masu karatu. Muhawarar da ta biyo baya a jaridu, wadda Ibrahim Malumfashi ya tsaya a ɓangaren suka, ta nuna cewa babban mai kare littattafan, Abdalla Uba Adamu, daga fannin koyar da kimiyya ya fito. Finafinan bidiyo da suka fara da Turmin Danya a 1990 sai a 2003 aka yi musu babban taron masana a Kano. A yau an karɓi waɗannan fannoni, ana rubuta kundaye a kansu ba adadi. Amma karɓar ta nazari ce kawai. Ɗalibi yana koyon sukar fim, ba ya koyon rubuta shi ko yi masa fassarar ƙasan allo, alhali tashoshi irin su Arewa24, da aka buɗe a 2014, da sassan Hausa na BBC da DW da RFI, ma'aikata masu hannu suke nema. Tun da Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara a 2013, aikin tace fassarar inji da tattara matani ya zama sana'a, kuma da yawa daga masu yin ta ba su bi ta sashen Hausa ba.

7.0 Ƙofar da Ta Rage

Damar da manufar 1981 ta buɗe ta riga ta ƙuntata. Sabuwar manhajar babbar sakandare da aka fara a 2011 ta fitar da harshen Nijeriya daga jerin darussan dole, manufar ilimi ta 2013 kuma harshen Nijeriya guda ɗaya ta ambata a matakin ilimin tushe. Manufar harshe ta ƙasa da Majalisar Zartarwa ta amince da ita a Nuwamba 2022, wadda ta tanadi koyarwa da harshen uwa a shekaru shida na firamare, Ministan Ilimi ya sanar da soke ta a Nuwamba 2025. Sashen da ya dogara ga gwamnati ta samar wa ɗalibansa aikin koyarwa ya ga abin da ya isa ya gani. Yajin aikin wata tara na 2020 da na wata takwas na 2022 sun ƙara kora iyaye masu hali zuwa jami'o'i masu zaman kansu, waɗanda galibinsu tun da aka fara ba su lasisi a 1999 ba su nuna wata sha'awa ga digirin harsunan gida ba.

Abin da ya rage a hannu shi ne sabon ma'aunin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar a Disamba 2022, wanda ya tsayar da kashi 70 cikin 100 na manhaja daga sama, ya bar wa kowace jami'a kashi 30. Malaman jami'o'i sun soki wannan rabo, kuma suna da hujja, domin majalisar kowace jami'a ce ya kamata ta tsara karatunta. Duk da haka kashi 30 ya isa a gina layi na biyu: Hausa daga farko, mai matakai, da zangon zama a Kano ko Zariya ko Sakkwato bisa yarjejeniya tsakanin jami'o'i, da kwas na dabarun koyar da baƙon harshe ga 'yan harshen kansu. Jami'o'in da ke wajen ƙasar Hausa su suka fi dacewa da fara wannan, tun da ɗalibin yana bakin ƙofarsu.

Babban cikas ba kuɗi ba ne kaɗai. Ƙa'idar ƙarin girma a jami'o'inmu tana fifita maƙala a mujalla a kan littafin koyarwa na matakin farko, ga shi kuwa rubuta darussa talatin masu hawa-hawa, da naɗar muryoyi, da gwada su a aji, yana cin shekara biyu ko uku. Malamin da ke neman zama babban lakcara zai gwammace ya fitar da maƙaloli shida a kan salon wani mawaƙi a cikin wannan lokaci, kuma ba za a zarge shi ba. Muddin kwamitocin ƙarin girma da asusun TETFund ba su ɗauki irin wannan littafi a matsayin aikin bincike ba, kashi 30 ɗin zai cika ne da tsofaffin kwasa-kwasai masu sababbin lambobi.